Wata tara ina bin layin asibiti a Abuja kan ƙarancin sinadarin maza

Shekarata 48, ma'aikacin gwamnati ne ni, ina zaune a Karu da iyalina. Abin da zan faɗa ba irin wanda namiji ke kawowa majalisa ba ne, shi ya sa ya ci mini kusan shekara biyu ina fama ni kaɗai. Da gajiya ya fara. In na yi sallar azahar a ofis sai barci ya danne ni a kan kujera kamar wanda ya kwana yana noma. Teɓa ta fito, wando ya daina shiga, ƙaramin abu sai in hau yara da faɗa. Daga baya sha'awa ta ja baya, miƙewar gaban nan da namiji ke tashi da ita da asuba ta ɗauke gaba ɗaya. Wani dare uwargida ta zauna bakin gado ta ce, "Malam, in aure za ka ƙara ka faɗa mini kawai, ba sai ka riƙa juya mini baya ba." Na yi dariya, amma maganar ta kwana tana cina, don ni da ko ɗaya ta gagare ni, ina ni ina ta biyu.

Kamar kowa, wajen masu maganin gargajiya na fara. Duk wanda na yi wa bayani a kaikaice amsa ɗaya ce: basir ne, ko sanyi. Na sha jiƙe-jiƙe a jarka, na sha gari a kunu, na sayi zuma mai haɗi wajen masu mota da lasifika a Nyanya. Akwai ɗaya da ke aiki cikin awa guda, sai dai yana barina da ciwon kai, jan ido da toshewar hanci. Sai daga baya likita ya ce mini waɗannan alamomin ƙwayar sildenafil ne, wato sinadarin Viagra, da ake dakawa a zuba cikin wasu haɗe-haɗen, kuma ga mai shan maganin ciwon ƙirji irin na zuciya hakan na iya faɗar da jininsa warwas. Wani abokin aikina ne ya fara ambata mini kalmar testosteron, wato sinadarin maza. Ya ce, "Mutumina, ba basir ba ne, batirinka ne ya yi sanyi. Je ka kemis ka sayi Sustanon a yi maka, sati ɗaya za ka ba ni labari." Na saya kuwa, allurar testosteron ce. Allah ya taimake ni tsoron allura ya sa na jefa ta aljihun mota na ce sai na yi gwaji tukuna.

Bayan babbar sallar 2024, wajen tsakiyar Yuli, na fita daga ofis da ƙarfe uku na rana, cikina cike da shinkafa da wake, na shiga wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Wuse. Ba wanda ya tambaye ni ko na ci abinci, ba wanda ya kalli agogo. Na biya naira 15,000, aka ɗebi jini, washegari aka turo mini sakamako ta WhatsApp: 6.9, an ja masa layi alamar ya yi ƙasa. Na zauna cikin mota a wajen ajiye motoci na kusan rabin awa ina kallon lambar nan. Wani ɓangaren zuciyata ya ji sanyi cewa abin yana da suna, ba sammu ba ne, ba kuma tsufa kawai ba. Ɗaya ɓangaren yana cewa shi ke nan, an rubuta a takarda cewa ni ba cikakken namiji ba ne.

Da takardar na je asibitin da nake rajista ƙarƙashin inshorar lafiya ta NHIA. Na isa bakwai da rabi, aka nemo fayil, nas ta auna jini da nauyi, kilo 97, na zauna ina roƙon Allah ya haɗa ni da likita namiji. Da aka kira sunana wajen sha ɗaya sai ga mace, yarinya da ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta uku ba. Na ce mata gajiya ce da ciwon baya. Ta karɓi takardar ta duba, ta ɗago ta ce, "Baba, wanda ke fama da ciwon baya kawai ba ya zuwa ya yi wannan gwajin. Yaya harkar iyali?" Yadda ta yi tambayar, kamar tana tambayar zazzaɓi, shi ya kwance mini baki. Da na gama ta ce ƙarfe nawa aka ɗebi jinin. Na ce uku na rana. Ta ajiye takardar gefe ta ce wannan ba za a yi aiki da ita ba. Sinadarin yana hawa ne cikin dare lokacin barci, ya kai ƙololuwa da sassafe, ya yi ta sauka har yamma, kuma cin abinci, musamman mai zaƙi, yana ƙara sauke shi. Dole a ɗebi jinin da safe, tsakanin bakwai da goma, ba a ci komai ba, kuma sau biyu a ranaku daban-daban. In mutum na zazzaɓi ko bai jima da tashi daga jinya ba, sai ya jira ya warware. Dubu sha biyar ɗina ta tafi a banza ke nan.

A nan na yi wautar da har yanzu uwargida ke tsokanata da ita. An ce in zo da azumi, ni kuwa na ɗauka irin namu ne, ko ruwa ban kurɓa ba tun isha'i. Ga cunkoson motoci a mahaɗar AYA, ga zafi, ina isa jijiya ta ɓuya, sai da aka soke ni sau uku. Mai ɗibar jinin ya ce, "Alhaji, azumin likita ba na Ramadan ba ne, ruwa zalla ba ya karya shi." Asibitin ba sa yin gwajin a lokacin, don haka waje aka tura ni, wani ɗakin gwajin daban a Garki, na sake biya daga aljihuna. Sakamako ya fito 241. Na tuna 6.9 na baya, na ce Allahu akbar, ashe jiƙon nan ya yi aiki, har na kira abokina ina masa albishir. Da na koma likitar ta nuna mini ƙananan haruffan da ke gaban lambar. Na farko nmol/L ne, na biyu ng/dL. Ma'auni biyu ne, kamar mudu da tiya. In ka raba na biyun da 29 za ka samu kwatankwacin na farko, wato 241 ɗin nan 8 ne da ɗan ɗoriya. Ta ce likitocin Amurka kan ɗauki ƙasa da 300 a matsayin ƙaranci, wanda ya yi daidai da kusan 10.4 a ɗaya ma'aunin, na Turai kuma tun daga ƙasa da 12 suke fara sa ido in akwai alamomi. Bayan kwana goma na maimaita, ya ba da 8.1 a ma'aunin farko. Sai a lokacin ta rubuta mini takardar turawa zuwa babban asibiti, wajen likitan sinadaran jiki.

Takardar turawa ita kaɗai ba ta isa ba in kana kan inshora. Sai kamfanin da ke kula da inshorarka ya ba da lambar amincewa, kuma ba a faɗa mini haka ba sai da na je babban asibitin aka dawo da ni. Kwana shida ina kiran waya kafin lambar ta fito. Da na koma aka buɗe mini sabon kati, aka ce asibitin likitan da nake nema rana ɗaya yake zama a sati, kuma gurbi mafi kusa sai nan da sati biyar. Cikin satin biyar ɗin nan sau biyu ina buɗe aljihun mota in kalli allurar.

Ranar da aka ba ni, ana idar da sallar asuba na kama hanya, shida da rabi ina wurin, amma na tarar ni ne na 23. Layin duk masu ciwon sukari ne da mata masu maƙoƙo, don likita ɗaya ke duba mu duka, abin da ya rufa mini asiri ke nan, kowa ya ɗauka sukari ya kawo ni. Kusa da ni wani dattijo ne, ɗan fansho, da ya haura sittin. Hira ta yi hira har ya ce mini shi shekararsa uku ana masa allurar testosteron mai suna Nebido duk bayan wata uku, kuma ya ji daɗinta, sai dai yau an kira shi ne don jininsa ya yi kauri. Ban gane abin da yake nufi ba a lokacin.

Ƙarfe ɗaya saura na shiga. Babban likitan ya haura hamsin, Hausarsa ta Zazzagawa ce, bai yi gaggawa ba ko kaɗan. Bai ma fara da takardun ba. Ya tambaye ni ko na taɓa yin hangum bayan na balaga har ya sauka maraina, ko na taɓa buguwa a wurin, ko ina yawan ciwon kai ko ganina ya ragu ta gefe, ko ina minshari. Na ce uwargida ta ce har ɗakin yara ake ji, wani lokaci ma sai numfashin ya tsaya ta zungure ni. Ya rubuta. Sai ya ce wane magani nake sha kullum. Na ce babu. Ya ce ciwon bayan fa? Na ce ai tiramol ne kawai, mai 50, ba irin mai 225 ɗin da yara ke bugawa ba, safe da dare, shekara biyu da wani abu. Ya ajiye biro. Ya ce shekara nawa na ce wannan matsalar ta yi? Ni da kaina na ji lissafin ya haɗu. Ya bayyana mini cewa 'ya'yan maraina ne ke yin testosteron, amma ba sa yi sai da umarni daga wata 'yar ƙwaya mai girman wake da ke gindin ƙwaƙwalwa, wadda ke aiko da sinadarin LH ta cikin jini. Tiramol, kodin da danginsu suna danne wannan umarnin. Kitsen ciki kuma yana juya wani kaso na sinadarin maza ya koma na mata, rashin barci mai kyau ya zo ya ƙara. Shekaru ma na ragewa, amma a hankali, wajen kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, wanda bai kai ya kawo ɗan 48 inda nake ba.

Bayan ya duba ni a bayan labule, ya auna kuguna da tef irin na tela, santimita 108, sai na ciro allurar daga aljihu na ajiye a teburinsa. Ya juya ta ya ce Allah ya so ni, don da an yi mini, duk gwaje-gwajen nan da sun rikice, sai an jira makonni. Daga nan ya yi mini tambayar da ban taɓa tsammani ba: "Malam, ka gama haihuwa?" Na yi dariya na ce, likita, ai Bahaushe ba ya cewa ya gama, sai dai Allah ya tsayar. Autarmu shekararta bakwai, uwargida ba ta kai arba'in ba, kuma kullum addu'arta ke nan. Bai yi dariyar ba. Ya ce to in sani, duk testosteron da ya shigo daga waje, allura ce ko man shafawa, ƙwaƙwalwa za ta ga ya wadata ta daina aiko da umarni, maraina su kwanta, ƙwayoyin haihuwa a maniyyi su yi ƙasa, a maza da yawa har su kai babu. An ma taɓa gwada shi a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza. Mutum zai ji ƙarfi, sha'awa ta dawo, maniyyi ya fita kamar kullum, amma ba iri a ciki. In an daina, yawanci yana farfaɗowa cikin watanni zuwa shekara ko biyu, amma ba kowa ba. Ya ce abin da ya fi ba shi takaici shi ne mazan da ke yin allurar a kemis don za su yi amarya, shekara biyu shiru, a ɗora wa yarinya laifi, a yi ta kai ta wajen malamai da likitocin mata.

Ya rubuta mini jerin gwaji: LH da ɗan'uwansa FSH, furolaktin wanda shi ma daga 'yar ƙwayar nan ta gindin ƙwaƙwalwa yake fitowa, sukarin wata uku da ake kira HbA1c, PCV wato kaurin jini, da PSA na furostet, tsokar nan mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsara. Inshora ta ɗauki na sukari da PCV, sauran na biya, ya tasam ma naira 60,000. Akwai kuma dubawar furostet da yatsa ta dubura, wadda ba zan ce komai a kanta ba illa cewa ba ta kai minti ɗaya ba, fargabarta ta fi ta tsawo. Bayan sati biyu na dawo. LH bai hau ba duk da ƙarancin, alamar matsalar daga sama take, ba daga maraina ba. Furolaktin daidai, don haka ya ce ba sai na yi hoton MRI na kai ba, wanda ake nema in furolaktin ya yi sama ko testosteron ya faɗi ƙasa sosai. PCV 44, PSA 0.9. Sukari kuwa 6.2, ƙofar ciwon sukari ke nan, don daga 6.5 an shiga. Ni da na zo neman allura, sai aka sallame ni da takardar gashin baya, jadawalin rage tiramol sannu-sannu, da umarnin in rage kilo ko da bakwai ne in dawo bayan wata uku. Wallahi haushi na ji. Na ga kamar an raina mini hankali.

Watanni ukun nan su ne mafi wuya. Satin da na kai ƙarshen tiramol na yi ta hamma, gumi, ƙafafu ba sa zama wuri ɗaya cikin dare, shi ya sa ba a yanke shi rana ɗaya. Dole ta sa na zaunar da uwargida na faɗa mata komai, don ba yadda za a yi tuwon dare ya ragu, lemon kwalba ya fita daga firij, ba tare da ta san dalili ba. Ta yi shiru, ta ce, "Shekara biyu, Malam? Ni ina nan ina zargin kaina." Tun daga ranar ita ke tashina bayan asuba in zaga unguwa minti arba'in, in na yi nawa ta ce likita za ta kira. Shayin ofis mai cokali uku na sukari ya koma ba ko ɗaya. Tsiren dare ne kawai na kasa rabuwa da shi gaba ɗaya.

A Janairun 2025 nauyina 89, minshari ya ragu, testosteron ya hau zuwa 9.7. Ya motsa, amma bai isa ba, kuma sha'awar ba ta dawo yadda ya kamata ba. Sai likita ya ce tunda muna son haihuwa zai gwada ni da kulomifin, rabin ƙwaya, miligiram 25. Ya faɗa mini gaskiya cewa asalinsa maganin mata ne masu neman haihuwa, ba don maza aka yi masa rajista ba, amma likitoci na amfani da shi haka, don yana zaburar da ƙwaƙwalwa ta ƙara aiko da umarni, jiki ya yi nasa da kansa, iri bai mutu ba. Ya ce in gani ya fara dishi-dishi ko na ga walƙiya a ido in daina nan take in zo. A shagon magani a Garki na miƙa takardar, mai sayarwar ta ɗaga murya gaban mutane ta ce, "Ka gaya wa madam ta fara sha rana ta biyu da zuwan al'ada." Na ce nawa ne. Ta kalle ni, ta kalli takardar, ta shiga ciki ta kira ogansu, shi ne ya karanta hatimin likitan ya ce ta ba ni. Wani tsoho da ke bayana yana ta gyaran murya.

Gwajin bibiya ya faɗo cikin Ramadan, sai likita ya ɗaga shi zuwa bayan sallah, don sahur ya riga ya ɓata sharaɗin safiya ba ci, ga barcin ma ya rikice. A Afrilu ya nuna 15.2, PCV 46. Gajiyar rana ta tafi, miƙewar asuba ta dawo, ba kullum ba amma ta dawo, uwargida ta daina maganar kishiya. Ban koma ɗan talatin ba, kuma har yau ban san kason da maganin ya yi da wanda barin tiramol da rage teɓa suka yi ba. Likitan ma cewa ya yi nan gaba zai dakatar da ƙwayar mu gani ko jikin zai riƙe.

A wannan zuwan na sake haɗuwa da dattijon nan. Ashe PCV ɗinsa ne ya wuce 54, iyakar da ake dakatar da allura, don jini in ya yi kauri haka yana iya daskarewa a jijiya. Sai da aka tsayar masa na ɗan lokaci aka ɗebe masa leda guda, sannan aka ci gaba da tazara mai tsawo. Shi ya gama haihuwa, jikokinsa tara, allurar ta dace da shi, kuma likita ya ce wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2023 kan maza sama da 5,000 bai nuna tana ƙara bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba in an bayar bisa ƙa'ida. Don haka ba kushe ta nake ba. Amma shi ana duba masa jini da furostet a kai a kai, abin da mai kemis ba zai taɓa yi maka ba. Ya ce ya gwada man shafawar a kafaɗa kafin allurar, ya bari saboda jikoki na hawa jikinsa, kuma man na iya shafar yaro ko mace in fata ta haɗu.

Da zan sake daga farko, da kafin tara na safe zan je gwaji, cikina ba komai sai ruwa, sau biyu, a ɗakin gwaji ɗaya don kar ma'auni ya ruɗa ni. Da na nemi lambar amincewar inshora tun ranar da aka rubuta takardar turawa. Da na tattara duk abin da nake sha, har jarkar Nyanya, na zuba a leda na kai gaban likita tun zuwan farko, don tiramol ɗin da na raina shi ne ya kusa wucewa ba a ambata ba. Maganar haihuwa kuwa, ko likita bai tambaya ba, kai ka faɗa kafin a rubuta maka komai. Kuɗin da na kashe a asibiti cikin wata taran, in aka haɗa da mai da gwajin da ya tafi a banza, bai kai na jiƙe-jiƙen shekara biyu ba.

Abokin nawa da ya ba ni shawarar Sustanon yana shirin ƙarin aure bayan damina. Shekaranjiya na tare shi a masallacin ofis na tambaye shi allura nawa aka yi masa zuwa yanzu. Ya ce ya daina ƙirgawa. Na rubuta masa ranar da likitan ke zama a bayan wata takardar POS, na ce ya je da wuri, kar ya wuce shida da rabi.